Yadda Na Goge Banatin Kakan Mutane

Ba zan taɓa mantawa da abin da hassada ta sa na yi wa kaina a shagonmu na Port Saeed, can ƙasar Larabawa, ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Shagon na wani dattijo ne ɗan Sham. Bindigogin toka na ado muke ƙerawa, waɗanda ba sa harbi, masu hali su rataye a majalisinsu. Wasu kan kawo tsohon banati na gaske (wuƙar nan da ake cusawa a bakin bindiga) a ɗora musu a kan sabuwar. Dokar aikin ɗaya ce: bindiga ake ragewa, magagari ba ya taɓa banati.

Shekarata shida ina sassaƙa ƙota, ba a taɓa miƙo mini tsohon ƙarfe ba. Sai ga Sani, wani ɗan Damagaram mai sanyin magana. Wata biyar kacal maigida ya fara ce masa "mu'allim", wato gwani. Ni kuwa ina nan a "habibi" (sunan da yake kiran mai kawo mana ruwa da shi). Ko dariya Sani ya yi sai in ji da ni yake.

Rannan wani Balarabe ya kawo banati uku na gidansu. Na matsa wa maigida har ya ba ni ɗaya, Sani ya ɗauki biyu. Kwana biyu ina kallonsa yana shafa wa bakin bindiga baƙin fitila, ya gwada, ya rage kaɗan, ya sake gwadawa. Na ce a raina wannan ai yanga ce. Nawa ya ƙi shiga, na waiwaya ba kowa, na zura magagari cikin kuben banatin, inda bakin bindiga ke shiga, na ci son raina. Ya shige sumul. Da na ga ya yi baƙi, sai na bi shi da samfefa har ina ganin fuskata a jiki. Na lulluɓe da ƙyalle don kada Sani ya kwaikwaya.

Ranar karɓa, Balaraben bai gama zama ba na sha gaban kowa. Da guntun Larabcina na ba shi haƙuri, wai abokin aikina sabo ne, shi ya sa ya bar nasa da tsatsa. Sannan na yaye ƙyallen.

Mutumin ya daɗe yana juya bindigar. A hankali ya tambaya ina rubutun. Ashe ɗan zanen da na ɗauka ƙarzuwa ce na goge, sunan kakansa ne, kakan da hannunsa ya rubuta. Yana sunkuyar da bakin bindigar don ya duba da kyau, banatin ya zame, ya kafe a kafet tsakanin takalmansa yana rawa.

Ni dai bizata na hango, da jirgin Kano, da bayanin da zan yi wa mahaifiyata.

Sani ne ya tsugunna ya zare shi. Ya ce zai naɗa siririn tagulla a bakin bindigar don banatin ya kama, kuma yana da hoton rubutun a wayarsa, don duk abin da ya shigo shago sai ya ɗauka. Balaraben ya karɓi hoton, ya ce kada kowa ya sake zana komai a jiki, ya fita bai kalle ni ba.

Maigida ya ce khalas, in tattara kayana. Sani ya bi shi ofis, ban san me ya faɗa ba. Da ya fito sai ya ce mini, "Yaya, ya ce ka zauna, amma a tebur ɗina za ka koma."

Wallahi a lokacin korar ta fi mini sauƙi. Wata huɗu ina riƙe masa fitila, kuma ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Hassadar ba ta tafi duka ba, kada in yi muku ƙarya. Amma yanzu in ta motsa, sai in ajiye duk abin da ke hannuna in fita shan shayi, domin na gane in ina jin haushin wani, bai kamata a bar ni da kayan mutane ba.