Fakarar da Kaka Ya Kama da Hannu

"Lafiya lau muka kwana, kafin ki iso dai."

Haka Kaka ya amsa gaisuwar jikarsa, ƙanwata, wadda yake kira Uwargida. Tsohon maharbi ne. Tun da idonsa ya yi rauni ya rataye bindiga, ya koma watsa wa fakaru da zabin daji masara a bayan katanga, yana ji da su kamar 'ya'yan cikinsa. Mun same shi yana shanya jiƙaƙƙiyar masara a tabarma, ga wata fakara a kwando ta yi laƙwas. Warin kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum rai, Uwargida kuwa dama a wuya take.

"Tsoho, wannan ba buhun da ruwa ya jiƙa a sito ba ne? Wanda na ce a ƙone?"

"A ƙone a gidan ubanki!"

"Gidan ubana ai naka ne. Fumfuna ce fa, kore shar!"

"Na wanke ta tas, rana za ta ƙarasa sauran."

"Wanki datti yake fitarwa, ba guba ba. Hantar tsuntsayen take ci, kai kana nan kana musu."

"Tsuntsun da ke haɗiye tsakuwa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Da wane idon? Jiya turmi ka yi wa sallama!"

"Mara kunya! Dubi kwandon nan. Da hannuna na kama ta, a guje. Saurayin nan naki mai ƙafar sauro zai iya?"

"A guje? Kai da sai an ɗago ka daga tabarma? Ba kama ta ka yi ba, gawa ka tsinta da sauran numfashi."

"Fige ta ki dafa min, ko in sake ki yanzun nan."

"Sake ni in huta da mara haƙori! Wallahi ba za ta shiga tukunyata ba. Rowa ce ke damunka, ka ƙi asarar buhu ɗaya za ka ƙarar da garke."

"Rowa? Ni?"

"Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina Gurguwa?"

Gurguwa wata zabuwa ce mai ɗingishi da ke ci a tafin hannun Kaka.

"Kwana biyu ba ta zo ba. Ƙila kwancin ƙwai take yi."

"Tana gindin katanga, tururuwa sun rufe ta. Da idona na gan ta yanzu."

Kaka ya dubi masarar, ya dubi tafin hannunsa. Duk haushinsa da nake ji, sai tausayinsa ya kama ni. Can ya yi wata 'yar guntuwar dariya, ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin sito ya miƙa mata.

"Ungo, jarababbiya. Na fasa sakin. Daga yau ke za ki riƙa auno musu busasshiya. Wannan ki ƙone ta duka, har tabarmar."

"Da hularka zan haɗa."

"Haɗa. Amma Gurguwa ki bar min ita, ni zan binne ta."