Ranar da Na Ceci Fiyano

Ni aka damƙa wa janareto ranar da Yaya Sabo, ɗan wan babana, ya zo daga Legas da abokan kiɗansa biyu. Shi ke buga fiyano mai aiki da lantarki, ɗaya yana kaɗa ƙaton jita, ɗaya ganguna. Tsofaffin kiɗe-kiɗen ƙasar waje da ake kira jaz za su naɗa a faifai a gaban jama'a a Karaye, sau ɗaya tak, don washegari za su koma.

Na bugi ƙirji na ce, "Yaya, in wuta ta ko ƙifta, ka canza min suna."

Wallahi yatsun mutumin nan kamar yayyafi a kan rufin kwano. Har wani dattijo da ya zo ƙorafin hayaniya ya zauna yana gyaɗa kai. Ana tsakiyar daɗi sai fiyano ta yi tsit, jita kaɗai ke gurnani. Ashe al'adarsu ce, kowa a bar masa fili ya nuna gwanintarsa. Ni kuwa na miƙe na kwatsa, "Jama'a, a yi haƙuri, wuta ce!" Na ruga na kashe janareton da ke aiki lafiya lau, wai zan gyara.

Yaya Sabo ya ƙi yanke muryata daga faifan, kuma ya canza min sunan kamar yadda na ce. Har garin Rogo, "Injiniya" ake kirana. Ko uwargida ta yi fushi ta daina magana, sai yara su ce, "Baba, wuta ce?"