Haƙoran Roba a Hanyar Birmingham

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mota ta tona min asiri a gaban surukina ba.

Haƙorana uku na gaba na roba ne. Tun ina sakandare a Kano na buɗe kwalbar lemo da baki don in burge 'yan aji, kwalbar ta buɗe, bakin ma ya buɗe. Ba wanda ya sani a Manchester, har Fadila da zan aura, wadda kullum take yaba murmushina (ni kuma ina amsawa da "Halittar Allah ce", ko kunya babu).

Da biki ya matso sai dabara ta zo min. Na sayi inshorar haƙori, na ɗan jira, sannan na nemi su biya a dasa min na dindindin. A tunanina na fi Turawa wayo. Mai digiri na uku fa!

Ranar nan Fadila da mahaifinta sun zo unguwar Cheetham Hill a nan Manchester sayen kayan ɗaki, na ce ni zan mayar da su gidansu a Sparkhill, can Birmingham, a ga surukin kirki. Baba na gaba yana jan carbi, ita tana baya tsakanin labulaye. Muna kan babbar hanya waya ta yi ƙara. Na danna ba tare da na duba ba, na manta a haɗe take da lasifikar mota.

Wata Baturiya ce daga kamfanin inshorar, murya kamar zuma. Ta ce sun yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba za su biya ba, domin likitan da ya duba ni ya tabbatar haƙoran uku sun daɗe da fita kafin in shiga tsarinsu, kuma ba sa biyan giɓin da mutum ya zo da shi. Na shiga laluben maɓalli, maimakon in kashe sai na ƙara sauti. Ta ci gaba da ba ni shawara in riƙa jiƙa na robar a kofi kafin in kwanta.

Na fara addu'ar Allah ya sa Baba ba ya jin Turanci, mutumin da ya zo ƙasar nan tun kafin a haife ni.

Fadila ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Wait, to waɗanne ne naka?"

"Na ciki," na ce.

Baba ya ajiye carbi. "Yaro, wato gida ya ƙone sannan ka je neman inshorar gobara?"

"Baba, kuskure ne."

"To akwai sauran abin da ake cirewa a jikinka? Faɗa mana yanzu, kafin mu ma mu sa hannu."

Muna isa Birmingham Fadila ta kwashi labulayenta ta shige gida. Sati guda ina kira tana kashewa. Da ta ɗauka, ta ce ba giɓin ne ya dame ta ba, "Halittar Allah" ɗin ce.

An dai ɗaura auren, kuma daga aljihuna na biya likita. Abin da na koya shi ne: in za ka ɓoye wa mace wani abu, kar ka zaɓi wanda zai kwana a kofi kusa da gadonta.