Ranar Da Na Koya Wa Mace Tafiyar Mata

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a Aliero ba, ko da kuwa na so in manta, don matata ba ta bari.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, kowa na ji da sabon jini. Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Jega, ni ne shugaba, kuma dukanmu maza ne 'yan unguwa ɗaya. Idan wasa ya buƙaci mace, ni nake ɗaura zane in fito (ban faɗa don alfahari ba, amma har tafi ake yi mini).

Wata rana na miƙe a taro na zuba jawabi. Na ce sabuwar jiha ta kowa ce, don haka ƙungiya ma ta zama ta kowa: mu nemo mutanen Aliero da Maiyama, mu jawo Fulani da Zabarmawa, sannan mata su fito a matsayin mata. Aka tafa. Ni kaina sai da jawabin ya burge ni.

Samun maza bai yi wuya ba. Mata kuwa, mun sha kora daga zaure zuwa zaure kafin muka samu guda ɗaya tak, Malama Asabe, mai koyarwa a firamare a Maiyama. Mijinta ya yarda bisa sharaɗin idan aka raina ta sau ɗaya, an gama. Sai a ranar na lura da abin da na jawo wa kaina: gurbina za ta ɗauka.

Muka haɗu gwaji a wani aji a Aliero. Ta fito a matar gida, ta kawo wa miji ruwa, ta ajiye, ta juya. Tafiya kawai, irin ta mutane. Raina ya ɓaci.

“Malama, dakata,” na ce. “Ba haka mata ke tafiya ba.”

Ta dube ni. “To yaya muke yi, Shugaba?”

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa jakata na buɗe (wai don tsautsayi na zo da kayan), na ɗaura zanen matata a kan wando, na cusa tsummoki biyu a ƙirji, na kafa ɗankwali. Na shiga rangwaɗa daga allo zuwa taga, ina karya wuya, ina fari da ido. Da farko ana dariya, sai kuma ajin ya yi tsit. Na ɗauka gwanintata ce ta kashe musu baki, na ƙara kaɗa ƙugu.

Malama Asabe ta ce, “Don Allah wace mace ka taɓa gani tana wannan abin?”

Na ɗaga murya, cikin siririyar muryar wasa: “Matata! Haka take tafiya kullum!”

Sai na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Surukina ne, Alhaji, dillalin albasa a garin. Ya ji labarin na shigo Aliero, ya biyo ni da ɗan buhun albasa in kai wa 'yarsa.

Na zube ƙasa don gaisuwa, tsumma ɗaya ya faɗo gabansa.

“Baba, ina wuni?” Muryar matan ce ta fito, ta ƙi komawa.

Ya dube ni, ya dubi zanen, ya dubi tsumman. “Lahiya lau,” ya ce. “Amma ni dai ɗiyata, sadda na ba ka ita, ƙafafunta lahiya suke. In ciwo ya same ta, ka maido muna ita a yi magani.”

Ya ajiye albasa ya tafi.

Malama Asabe ba ta kai ƙara wurin mijinta ba. Ta ce abin da ya same ni ya isa. Ta yi wasan da tafiyarta, mutanen Maiyama suka cika fili, bayan nan wasu mata biyu suka shigo da kansu. Ni aka ba ni aikin jan labule.

Abin da na koya shi ne, kiran mutane su shigo ba shi da wuya, matsawa ka ba su wuri ne aiki. Kuma idan har ka nace sai ka koya wa mace zama mace, to ka fara rufe ƙofa.