Nomau da Injin Huda Ƙashi

Hajjo mai wanke kayan tiyata ce ta fara ba ni labarin nan, Allah ya jiƙanta, kuma ko murmushi ba ta yi ba tana ba ni shi.

Su uku ne a gidansu. Ita, da tsohuwarsu da ta makance, da ƙanenta Nomau, ƙato ɗan shekara arba'in wanda in ka ce masa tsaya nan, nan za ka dawo ka same shi ko bayan la'asar ne. Shekara ashirin Hajjo ta yi a babban asibitin garinmu tana wanke almakashi da zarto da injin da ake huda ƙashi da shi in za a haɗa karaya da ƙarfe. Da hannunta ya fara rawa, ta roƙi Sista Rifkatu, shugabar tiyata, a bar Nomau ya gaje ta, don aikin nan kaɗai ke ci da gidan. Sista ta ce a gwada shi wata ɗaya.

Wata rana Sista ta nuna masa tukunyar tururi ta ce, "Duk abin da zai shiga tiyata sai ya bi ta nan." Nomau ya ce to. Da hantsi Likita ya zo yana lalube, wai bai ga tabaransa ba. Hajjo ta buɗe tukunya ta ciro shi ya narke ya lanƙwashe kamar kilishi.

"Nomau, me ya kai shi nan?"

"Yaya, ai jiya na gan shi ya shiga da shi."

Hajjo ta dafe bango. Ranar durƙuso ta yi gaban Sista tana ba da haƙuri har gwiwarta ta yi fari.

Wata rana kuma aka rasa makullin injin huda ƙashi. Tsohon injin nan bakinsa haƙora uku ne, a sa tsinken huda a tsakiya, a murɗa da ɗan makulli su cije shi. Da ƙyar aka gano makullin a kwandon wanki. Likita ya miƙa wa Nomau ya ce, "Daga yau kada makullin nan ya sake rabuwa da injin nan." Da azahar Nomau ya naɗe su a tsumma ya nufi bakin kasuwa. Mai walda har sau biyu yana tambayarsa ko ya tabbata. Ya dawo yana fara'a ya ajiye a gaban Sista, makulli ya zama ɗaya da bakin inji, ba ya gaba ba ya baya.

Sista ta ɗauki injin ta jujjuya shi. Sannan ta ce, "Iya Hajjo, darajarki ce ta sa ban kira mai gadi ba. Saura masa kuskure ɗaya."

Wata rana aka kawo sabon inji, shi ba ruwansa da makulli. Injiniyan da ya kawo shi ya tara su ya nuna. Zobe ne a bakin, ka ja shi baya, ka tura tsinke, ka saki, sai ka ji ƙas, wasu ƴan ƙarafa sun faɗa cikin tsagar da ke gindin tsinken sun riƙe shi. Ya ce, "In kun ji ƙas ɗin, ku ja. Wanda ya fito, kada ya shiga tiyata." Kowa ya ja da yatsa biyu ya gyaɗa kai.

Kwana uku da haka aka kawo Malam Ilu magini, ya faɗo daga bene, cinya ta karye. Nas ta ɗauko tsinkaye shida daga sito ta ce Nomau ya shirya. Ya sa na farko, ya ji ƙas, ya matse inji a hammata ya ja kamar mai jan guga daga rijiya. Ya fito. Haka na biyu, haka har na shida. Ya zuba su a aljihu, ya dafa inji shi kaɗai a tukunyar tururi, ya aika da faranti ciki.

Likita ya fito da safar hannu a hannunsa. "Ina tsinkayen?"

"Suna aljihuna. Ba za su shiga ba."

"Wa ya ce?"

"Sun fito, Likita."

"Da wannan ƙarfin naka ai ko haƙorin jaki ka ja zai fito. Kawo."

Nomau ya dafe aljihu. Hajjo ta matso kusa da shi. Ta ce, "Ɗan uwana, don girman Allah ba shi." Ya ce, "Yaya, an ce kada su shiga." Sista ta ce ya tuɓe rigar aiki ya ajiye.

Yana cikin tuɓewa Likita ya zari tsinke ɗaya, don ya nuna wa kowa wautar. Ya sa, aka ji ƙas, ya kafa a jikin benci ya danna. Tsinke ya nutse cikin katako. Da ya ja baya, inji ya taho yana juyawa shi kaɗai, tsinke ya tsaya can ciki, sai ɗan gindinsa ke leƙowa.

Daga ciki ana jin nishin Malam Ilu.

Ashe tsinkayen na wani kamfani ne daban. Kaurinsu ɗaya da na injin, amma tsagar gindinsu ba ta kai zurfi ba. Aka koma sito aka tono kwalin tsinkayen da ya zo da injin. Likita da kansa ya sa ɗaya ya miƙa wa Nomau ya ce, "Ja." Nomau ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, tsinke ko motsi. Sista ta ɗauki rigar daga ƙasa ta kakkaɓe ta miƙa masa. Malam Ilu da ƙafarsa ya koma gini, Nomau kuwa a wannan ɗakin ya yi furfura.

Ni dai washegarin ranar da na ji labarin nan da safe, kafin in fasa itace, na taka ƙotar gatarina na kama ruwan gatarin na ja da ƙarfina duka. Sai ga shi a hannuna. Shekara biyu ina ɗaga shi jikokina na zaune a gabana.