Matar da Ba Ta Harbi, Ba Ta Tunkuyi

"...lahiya lau, baiwata. Ina gajiya, ina zaman banza gaban inji?"

"Gajiya ta bi bawa mai yawon kasuwa. Kakkaɓe ƙafarka kahin ka shigo, kashin shanu bai shiga shagona."

Namadi ne, dillalin shanu daga Urafane, ya cika ƙofar shagon Shamsiyya da rawani da sanda da wata tsohuwar jaka. Uwarsa ƙanwar babanta ce, wato taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Matsalar wasan taubashi ke nan: ranar da ka yi fushin gaske, ba wanda zai yarda. Ranar nan kuwa ran Shamsiyya a ɓace yake da gaske, ga zafin Tasawa, ga shi an ɗauke wuta tun hantsi.

Shagonta na buga takardu da fotokofi ne, kusa da tasha. Amma aikin da ke cinye mata rai yana cikin wayarta. Ita ce mai kula da wani gurup na WhatsApp mai suna Bayan Labule, inda matan aure sama da ɗari biyu, daga Tasawa har Mayahi, suke rubuta labaran miji da mata, irin waɗanda ba a karantawa gaban yara. Ba labarin da ke fita sai ya bi ta hannunta. Ba ta karɓar na sata, ba ta karɓar layi uku da hoton zuciya arba'in, kuma wadda ba ta iya sakaya zance ba sai ta nemi wani zauren. Dokoki biyu ne kuwa ko uwarta ba ta ɗaga wa: namiji ba ya shiga, kuma ba a rubuta mutumin da za a iya ganewa. Bara wani ya lallaɓo da sunan mace, ya kwashi hirar mata ya watsa, auren wata ya kusa mutuwa. Tun daga nan duk mai son shiga sai ta turo muryarta tukuna.

To, makonni biyu ke nan wata baƙuwar lamba mai suna Amatullahi ta addabe ta. Ta turo labari shafi goma sha ɗaya, kullum tana tambayar yaushe zai fito. In an ce ta turo murya, sai ta ce mura take yi. Shamsiyya ta karanta labarin sau ɗaya, ta dafe kai, ta aika a ce wa Namadi tana nemansa ranar kasuwa.

Ya zauna bisa kujerar masu jiran takarda, ya ce in gadon kakansu za ta miƙo masa, ta yi sauri, yana da bijimai huɗu a turke. Ta ce bawa ba ya gado, shi ake gada. Sannan ta jawo takardu daga durowa, ta ce wata baiwar Allah ce ta rubuto labari, tana son ya taya ta saurare.

"Ni mi ya haɗa ni da karatun mata?" Ya gyara rawanin da bai kwance ba.

"Mai kaza a aljihu bai jimirin as. Tsaya ka ji yadda aka yabi amarya." Ta ɗaga takardar. "'Da ta shigo ɗaki ya dube ta tun daga ƙafa har wuya, ya ga ba ɗingishi. Haƙoranta sun cika, ba giɓi. Fatarta na sheƙi, alamar ta samu kiwo mai kyau.'"

"To, ai an yaba."

"'Cinta kaɗan ne, ba ta harbi, ba ta tunkuyi.' Namadi, wagga mace ce ko karsana?"

Ya ce shi dai a ganinsa marubuciyar ta san abin da take yi, don ba kowace mace ake samu ba ta harbi ba, ga misali nan zaune gabansa. Ta ce bai ji komai ba tukuna. A shafi na huɗu an ce hancin amarya a jiƙe yake, alamar lafiya. A na shida, inda ya kamata zance ya yi daɗi, sai ango ya zagaya ta sau biyu ya ce ko a kasuwar Mayahi ba a samun irinta. A na bakwai amarya ta ƙunsa lalle hannu biyu, a take kuma ta tashi ta dama masa fura.

"Da wane hannun? Wace mace a ƙasar nan za ta rubuta haka?"

"Wataƙila da ludayi ta dama."

"Da baki ta riƙe ludayin?"

Shekara uku Shamsiyya tana gyaran shirmen mutane. Ta ga jaruman da duk suke da jirgin sama, ta ga amaryar da ta suma sau tara a babi ɗaya, amma ba ta taɓa ganin wadda aka duba wa kofato ba. Ta ɗauki wayarta, ta ce bari ta kira Amatullahi ta yi mata sannu da mura. Namadi ya miƙe ya ce bijimansa na jira. Kafin ya kai ƙofa aljihunsa ya ɗauki ƙara, irin kukan saniyar nan da ya sa wa wayarsa.

Ya tsaya, ya dubi aljihun kamar na wani ne, ya dawo ya zauna.

"Sannu Amatullahi," in ji ta. "Ya jiki?"

"Da sauƙi." Ya yi tari kaɗan. "Ke dai Allah ya isa tsakanina da ke. Layi guda na saya takanas."

Nan ta sauke masa kwandon masifa. Ta ce da wani ne ba shi ba, da yanzu lambarsa na yawo wayar mata ɗari biyu da gargaɗi a kanta. Ya ce ai bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana sallama. Ta ce kura ma a bakin garke take tsayawa. Ya ce ita kuwa ta zama alkalin lahira, an ba ta waya ta sefa jaka talatin ta ɗauka sarautar Tasawa aka ba ta. Ta ce ko ba komai sarautarta ta fi ta mai leƙa bakin shanu. Daga nan ya koma ciniki, don abin da ya iya ke nan: a cire hancin, a cire kofaton, a bar sauran, ta sa masa ranar Juma'a.

"Albarka," in ji ta.

"Na ƙara maki da cire lallen."

"Albarka. Ko ka wanke shi da omo bai hita. Shafi na tara, mi ka rubuta a hannun hagun amarya?"

Ya leƙa takardar da ke hannunta, ita kuwa ta ci gaba.

"Tabon man ƙosai, mai kamar ƙwaryar wata. Ka ce in tana dariya tana rufe baki da gefen mayahinta. Ka ce ƴar garin Kona ce. Mata nawa ke cikin gurup ɗin nan da suka ci tuwon sunan ɗiyanka? Kahin a kai shafi na goma kowa ya san Kubra ce. Abin da ke shafi na goma kuwa, ni kaina rufe ido ɗaya na yi. So kake matarka ta shiga gidan biki ana ƙyafta ido ana nuna hannunta?"

Wannan bai zo masa a rai ba, ta gani a fuskarsa. Mutumin da ke gane saniyar sata daga tabo ɗaya a kunne, bai taɓa tunanin mata ma suna da ido ba. Takaici ya ƙara kama ta, amma yanzu da tausayi a ciki, abin da ta fi ƙi ke nan.

Ta tambaye shi abin da ya kai shi, don abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ya murza sandarsa, ya faɗa mata. Shekara goma sha huɗu da aurensu da Kubra. Yakan dawo daga kasuwa ya tarar da ita da waya tana murmushi, in ya yi magana ta kife wayar ta kawo masa ruwa, murmushin kuma ya tafi. Ya san labaran gurup take karantawa. A gidansu kuwa, rugar da ya tashi, namiji ko sunan matarsa ba ya kamawa, balle ya ce mata tana da kyau. Ya gwada sau biyu, bakinsa ya ƙi. Shi ne ya ce bari ya rubuta, a sa a inda take karantawa, ko ba ta san shi ba ne ta yi wa maganarsa murmushin nan sau ɗaya. Mako uku ya yi yana dannawa da yatsa guda a gindin itacen bedi, tsakanin ciniki da ciniki.

Shamsiyya ta kau da kai ta dubi injin fotokofi. Watanni biyu da suka wuce Kubra ta rubuto mata ita kaɗai, tana tambaya wai da gaske akwai mazan da ke faɗa wa matansu irin maganganun nan, ko duk ƙirƙira ce. Maganar ta zo mata har leɓe. Amma abin da aka faɗa bayan labule ba ya fita, ko don taubashi, sai ta haɗiye.

"Ashe bawan nawa na da zuciya," ta ce. "Na ɗauka tumbi ne har wuya."

"Ki yi ta zagi. Za ki sa ko ba ki sawa?"

"Ba ni sawa. Amma karɓi."

Ta miƙa masa takardun. Jan biro ya bi ta kansu layi bayan layi, shafi goma sha ɗaya kamar an yanka kaza a kai. Ya yi ta juyawa yana tsaki, yana cewa ko mahauci ya fi ta imani, har ya kai shafi na takwas. Layi ɗaya ne a nan ba ta taɓa ba, ta ma zagaye shi. Ya kai takardar kusa da ido, ya karanta a hankali: "In ta tafi unguwa, ɗakin sai ya yi masa girma."

"Wanga? Ai wanga ba komai ba ne. Gaskiya ce kawai na faɗa."

"Shi kaɗai ne ka manta kai dillali ne. Shekara uku ina karatun matan nan, ban samu biyar kamarsa ba. Ba na mata ɗari biyu ba ne, na mutum guda ne. Ka tahi ka faɗa mata da bakinka."

"In bakin ya ƙi?"

"Bakin da ke saida gurguwar saniya a kuɗin lahiyayya? Ka ce 'mani' a wurin 'masa', shi ke nan. Kuma in na ji ka ambaci hancinta, ni da kaina zan zo in raba auren."

Namadi ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya yage shafi na takwas, ya linke shi huɗu ya sa a aljihun gaba, sauran ya tura mata ya ce ta kunna wuta da su. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da cukun nono guda biyar a ƙulle cikin leda, ya ajiye bisa injin.

"Na sallama, baiwata. Da ma toshiyar baki na kawo, ki ci a matsayin la'ada."

"Bawa bai ba uwargijiyarsa la'ada, gaisuwa yake kawowa. Amatullahi fa?"

"Murar ta kashe ta. Ki yi mata addu'a."

Ta toshe lambar a gabansa. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ita kuma ta leƙa don ta jefa masa zagin sallama, sai ta fasa. Bai nufi wajen bijimansa ba. Tashar motar Urafane ya nufa, hannunsa dafe da aljihun gaba, leɓensa na motsi yana maimaitawa.