Ƙananan Baƙaƙe A Kwamfutar Injiniya

"Ina wuni, tsohon miji? Ashe kwamfuta kake sumbata, shi ya sa ba ka amsa sallamata."

Kaka ya janye hancinsa daga gilashin. Tun da ɗansa Injiniya ya rasu, aka raba tufafinsa, aka kai littattafansa jami'a, kwamfutar kaɗai ya riƙe. A cikinta akwai rahoton gadar da yaron ya gina, kuma ya ƙudura sai ya karance shi. Rubutun ƙanana ne, amma bai yarda a taɓa komai ba. Mai tsokanar nan kuwa jikarsa ce, 'yar marigayin, ta dawo daga lacca.

"Lafiya lau, mummuna. Na ga shigowarki tun daga ƙofa, idona ne ya nemi hutu."

"Wane ido? Jiya fa ka gai da labule."

"Ya fi ki ladabi. Bai mayar mini da magana ba."

Ta jawo kujera. "Kawo in ƙara maka girman rubutun. Maɓalli biyu ne kawai."

"Ni da na koyar da ɗalibai har suka yi furfura? Daga nan ina iya ƙirga ƙafafun tururuwar da ke tsallaka titi."

"To, karanta mini layin farko."

"Ba na karatu a gaban jahilai."

"Wata guda kana shafi na uku, Kaka."

Ya gyara zaman linzamin kwamfutar. "Haka babanki ya bar ta," ya ce a hankali. "Haka yake karantawa. Idonsa irin nawa ne."

"Wannan kam gaskiya ka faɗa, irin naka ne sak." Ta buɗe aljihun tebur na ƙasa, ta zaro tabarau daga bayan wayoyi. "Na Baba ne. Kuma kowane baƙi sai ya mai da shi kamar kan akuya. Da ya ji takun sandarka, sai ya ce, maza ƙanƙance shi, kada tsohon nan ya ce na riga shi tsufa."

Kaka ya karɓi tabaraun, ya juya shi a hannu. Dariya ta ƙwace masa.

"Ja'irin yaro. Ni kuma ina ɓoye masa nawa idon."

"Gidan makafi masu girman kai. Allah ya sa mamata na biyo."

"Danna, sarkin surutu."

Ta danne maɓallin ƙasa, ta taɓa alamar tarawa. Baƙaƙen suka kumbura.

"Ƙara."

"Kai mai ƙirga ƙafafun tururuwa?"

"Na ce ƙara. Gadar ɗana ce, ba a karanta ta a tsuke."

Ya karanta layin farko da ƙarfi, har da sunan Injiniya da ke ƙasansa. Sannan ya zare alƙalamin aljihunsa ya miƙa mata. "Ladan gyara. Kin ci."

Kwamfutar tana nan kan tebur, da manyan baƙaƙenta. Tabaraun kuwa yana kan hancin Kaka. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce ajiya aka ba shi.